Tambaya da Amsa: Motar da ta kwana biyu a ƙofar gida

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Makka wajen Shara Mansur, ina tuƙa dina, wato motar ɗaukar kaya, kuma da sunan mu'assasar kafilina take, wato kamfanin wanda nake aiki a ƙarƙashinsa. Giyarta ta lalace tun bayan babbar Salla, kuɗin gyara bai samu ba, sai na ajiye ta a ƙofar gidan da nake haya. Shekaranjiya na fito na tarar baladiyya, hukumar kula da gari, ta manna mata takarda a gilashi, wai a ɗauke ta. Ina zargin maƙwabcina ne ya kai ƙara, domin mun taɓa cacar baki a kan wurin ajiye mota. Ni dai ƙofar gidana ce, ban tare ta kowa ba. In ɓare takardar in yi shiru, ko yaya zan yi?
Direba, daga Makka

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya buɗa maka hanyar gyara. Kada ka ɓare takardar nan. Wanda ya manna ta ya riga ya ɗauki hoton motar da lambarta, maganar tana cikin na'urarsu ko da gilashin ya koma fes. Ka je ka karanta wa'adin da aka rubuta a jikinta, domin da zarar ya cika sataha, motar ɗaukar motoci, ce za ta zo ta ɗora dinar ta kai ta wurin ajiyar hukuma, kuɗin ja da kuɗin kwana duk a wuyan mai mota. Dokar murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, kuma ta ce motar da aka tsare, in mai ita bai neme ta ba cikin kwana 90, gwanjonta ake yi, a cire tara da kuɗin ajiya daga abin da aka samu.

Sai maganar "ƙofar gidana", wadda ita ce ta sa na ɗauko wasiƙarka a kan sauran. Na yi shekaru ina aikin mu'akkib a wani kamfanin gine-gine a Jidda, ina yawo da takardu tsakanin baladiyya da murur, kuma babu kalmar da na ga ta jawo wa mutanenmu asara kamar wannan. Iyakar gida tana rubuce a takardar mallakarsa, kuma a katanga take tsayawa. Daga dandamalin masu tafiya a ƙasa har zuwa kwalta na jama'a ne, Amanar Makka, wato babbar hukumar birnin, ke kula da shi. Mai gidan da kake biya wa haya ma ba shi da ikon ya ce wannan gefen titi nasa ne, balle kai. Shi ya sa jera tayoyi ko bulo ko tsohuwar kujera don kama wurin mota laifi ne a wurin baladiyya, haka kafa rumfar mota da ta fito wajen katanga. Kana da haƙƙin kada a toshe maka ƙofar shiga da ta gareji. Haƙƙin mayar da bakin titi ma'ajiya kuwa babu mai shi.

Na san abin da za ka ce, cewa a unguwanninmu ana jera kujeru a titi a rataya fitilu kwana uku in an yi rasuwa, babu mai ɗaga murya. Gaskiya ne, al'adar Hijaz ce, kuma maƙwabta suna ɗauka ne don sun san tsakanin magariba da isha ne, ranar huɗu titi ya koma yadda yake. Dinarka kuwa wata nawa ke nan. Tayoyi sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, shara na taruwa a ƙarƙashinta inda tsintsiyar masu shara ba ta kaiwa, yaro kuma in ya fito da gudu ta bayanta direban da ke tahowa ba zai gan shi ba. Ka san lungunan wajenku, wani mota biyu ba sa giftawa a cikinsa. Ka ƙiyasta motar kashe gobara ta iso nan da tsakar dare.

Game da maƙwabcinka, ka sauke wannan zargi daga zuciyarka. Shekarun nan ma'aikatar baladiyyoyi tana yaƙi da abin da suke kira tashawwuh basari, wato duk abin da ke ɓata kyan gari, kuma motocin da aka yasar suna sahun gaba tare da ɓaraguzan gini da shingayen kankare. Murakibai, wato jami'an sa ido na baladiyya, na zagaya unguwanni da kansu ba sai an kira su ba. In ma shi ne ya buga 940, lambar kai ƙara ta baladiyya, bai zalunce ka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya lissafa haƙƙin hanya, ya sa kame cuta daga masu wucewa a ciki. Ka gaishe shi gobe da safe kamar yadda ka saba.

Abin yi na farko, tun yau ka sanar da kafilinka. Istimarar motar, wato takardar rajistarta, da sunan mu'assasarsa take, tara a kansa za ta faɗa, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ga saƙo a waya. Ku yanke ɗaya cikin biyu. In gyara za a yi, ka kira sataha da kanka ta kai ta sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, ta zauna a harabar bakanike. Kuɗin wannan ja ɗaya bai kai abin da za ku biya in hukuma ce ta ja ba. In kuma gyaran ya fi ƙarfin motar, a miƙa ta ga tashalihi mai lasisi, wato masu farfasa matattun motoci, a mayar da lambobin, mai ita ya soke ta daga rajistar murur. Wannan sokewar kada a yi wasa da ita. Mutane da yawa sun sayar da gangar jiki sun bar suna a rajista, kuɗin sabunta istimara yana ta hawa a kansu ba su sani ba, har sai da hukuma ta buɗe wa'adin afuwa a watan Maris na 2022 ta ɗauke wa masu irin waɗannan motoci abin da ya taru.

In Allah ya sa ta tashi, ka nemi filin da manyan motoci ke kwana ka riƙa ajiye ta can da dare, ko da da 'yan riyaloli ne a wata.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Bayan rusau ɗin unguwar Sabil muka koma wata unguwa a gabashin Jidda. Ana gini kusa da mu, sun ajiye hawiyar shara, wato babban akwatin zuba ɓaraguzai, da tulin yashi da bokalen, motar haƙa ƙasa, a lungun, mota ba ta iya zuwa ƙofarmu. Mahaifiyata tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, sai dai mu tura ta a keken marasa lafiya har bakin babban titi cikin rana. Maigidana ya ce mu yi haƙuri, mu baƙi ne, kada a ce muna neman fitina. Shin doka ta ba su wannan dama?
'Yarka, daga Jidda

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yata, ya saka miki da alherin jinyar da kike yi. Doka ba ta ba su ba. Lasisin gini izini ne na yin gini a cikin fili. Mai gini wajibi ne ya kewaye wurin da shinge, ya kafa allo mai ɗauke da lambar lasisi da sunan ɗan kwangila, ya kuma yi yarjejeniya da masu kwashe ɓaraguzai. In aikin ya tilasta masa cin wani yanki na dandamali, wannan izini ne daban da ake nema ta manhajar baladiyya da ake kira Baladi, mai iyaka da wa'adi. Haƙa titi da izininsa, rufe hanya ko na yini ɗaya ne don motar zuba kankare sai da sanin murur. A kamfanin da na yi aiki, kafin bokalen ya sauka daga kan tirela takardun nan suna hannuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a cikinsu duka babu wadda ta halatta toshe ƙofar maƙwabci.

Ina girmama haƙurin maigidanki, amma a nan ban goyi bayansa ba. Lambar 940 ta ɗan ƙasa ce da mai iƙama baki ɗaya, kuma ƙara a kan yashin da ya tare hanya ba faɗa da kowa ba ne. Tsohuwar da ta fito daga kan injin wankin ƙoda jiri take ji, ba ta da ƙarfin zafin Jidda.

Ku fara da lalama. Maigidanki ya sami injiniyan wurin ko ɗan kwangilar da sunansa ke kan allo, ba leburori ba, domin su ba su da ta cewa. Ya gaya masa ranakun asibiti da sa'o'in, ya roƙi a matsar da hawiyar a shigar da yashin ciki. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, saboda ɗan kwangila ya fi ku sanin tarar da ke jiransa. In kwana biyu suka wuce babu canji, ki ɗauki hoto daga inda za a ga ƙofarku da abin da ya tare ta da allon lasisin, ki tura ta Baladi ko ki buga 940. Za a turo miki lambar ƙara a waya. Ki adana ta, in aka rufe ƙarar alhali kayan na nan ki sake bugawa ki ambaci lambar. In kuwa jikin Hajiya ya tashi da dare kuma hanya a toshe, ki buga 911 ki faɗa musu tun a waya cewa lungun ba ya shiguwa, domin ma'aikatan motar asibiti su taho da gadon ɗauka.