Kyanwata Tana Shigo Mana da Ɓeraye da Jemage Cikin Ɗaki, Me Zan Yi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Agege da ke Legas, a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna. Shekara biyu ke nan muna da kyanwa, kuma tun da ta zo ɓeraye suka daina huda mana buhun shinkafa. To 'yan watannin nan ta tsiro da wani hali. Kusan kullum da asuba sai mu tarar ta ajiye wani abu a bakin gado ko kusa da dadduma: yau ɓera, gobe ƙadangare ba wutsiya, ran nan jaɓa. Makon jiya jemage ta shigo da shi da ransa, yana ta fuffuka a ƙarƙashin kujera. Ina da yaro mai rarrafe, ƙanwata mai juna biyu ma tana wurinmu. Maƙwabta sun fara cewa aike ne, maigida kuma ya ce a kai ta kasuwar Mile 12 a sake ta. Alhali muna ba ta abinci ta ƙoshi. Me ke sa ta haka, kuma akwai haɗari a ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar wa maigida nasa. Kyanwarki lafiyarta ƙalau, babu aike, babu sammu. Abin da take yi shi ne abin da kyanwoyi da yawa masu ƙarfi a jika suke yi idan suka samu hanyar fita da dare. Haɗari kam akwai shi, amma yana jikin abin da ta ɗauko da yadda kuke kwashe shi, kuma duk ana iya magance shi ba tare da an rabu da ita ba.

Mutane da yawa suna ɗauka yunwa ce ke sa mage farauta, shi ya sa suke mamaki idan ta ƙoshi amma ta fita ta kamo. Farauta da yunwa hanyarsu daban a jikinta. Motsi ne ke tayar mata da farautar: ƙaramin abu ya gilma da gudu, ko ya yi ɗan ƙara a cikin bola, nan take ta lafe, irin kwanciyar nan da Bahaushe ya kira mai ɗaukar rai. Idan ta kama, ba ta son tsayawa a waje inda muzurun unguwa ko kare ko yara za su ƙwace, sai ta nufi wurin da ta fi amincewa da shi a duniya, wato ɗakinki. Uwar mage ma haka take yi wa 'ya'yanta. Daga wajen mako huɗu da haihuwa takan fara kawo musu matacce, daga baya ta kawo mai rai da ta raunana don su koyi kamu. Jaɓar da kika gani kuwa, mage takan kashe ta amma da wuya ta ci, saboda warin da ke fita daga jikinta, shi ya sa kike tarar da ita ba ko gutsure.

Kuma abin da kike gani kaɗan ne daga abin da take kamawa. A wani bincike da Jami'ar Jojiya ta Amurka ta fitar a 2013, an rataya wa kyanwoyin gida ƙananan kyamarori a wuya, aka ga kashi 23 cikin 100 kawai na kamunsu suke kawowa gida. Sauran ko su cinye a can, ko su bar shi inda suka kashe. Na kawo wannan ne don ki san cewa maganin tsutsa da allurar rigakafi sun wajaba a kanta ko da wata rana ta daina kawo komai.

Kada a doke ta, kada a watsa mata ruwa. Ba za ta haɗa dukan da ɓeran da ta kama awa biyu da suka wuce ba. Abin da za ta koya shi ne ta riƙa ɓoyewa, ta tura shi can ƙarƙashin gado ko bayan akwati, sai wari ya tona. Gara ta ajiye a fili inda za ki gani.

Ɓera shi ne ya fi damuna. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayarsa. Shi ba ta yi masa komai, amma yana fitar da ita a fitsari da kashi. Cutar ta fi ƙamari a jihohi irin su Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, musamman lokacin rani, sai dai Legas gari ne da motocin kayan abinci ke shigowa dare da rana daga ko'ina, kuma ɓera yana bin buhu. Da ƙarfe biyar na asuba, ga duhu ga barci a ido, ba wanda zai tsaya tantance wane irin ɓera ne ke kwance. Don haka kowane ɓera ki ɗauke shi a matsayin mai cuta. Fitsarin ɓeran kwata ma yana da tasa cutar, mai kawo zazzaɓi da shawara har ta taɓa ƙoda, kuma ta fi yaɗuwa da damina idan ruwa ya cika lunguna.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ɗauki wutsiya da yatsu biyu a wurga a bola, sannan a zo da busasshiyar tsintsiya a share wurin. Sharar nan tana tayar da ƙura mai ɗauke da abin da muke gudu. Fara ɗauke yaron daga ƙasa tukuna. Ki zura hannunki cikin leda biyu idan babu safar hannu. Ki haɗa ruwan Hypo ko Jik, murfi ɗaya da ruwa murfi tara, ki zuba a kan gawar da kewayenta har su jiƙe sharkaf, ki bar shi minti biyar. Sai ki ɗauke da ledar, ki juya ta a kansa ki ɗaure, ki sake sa wa a wata ledar, ki kai bola mai murfi. Ki goge wurin da tsumman da za ki yar, ki wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Idan jini ya taɓa dadduma ko zanin gado, a jiƙa da sabulu a wanke a shanya a rana. Wannan aikin kada a ba yara, kada kuma ƙanwarki ta yi shi. Idan wani a gidan ya yi zazzaɓin da maganin maleriya bai sauke ba, musamman cikin mako uku bayan taɓa ɓera, a je asibiti a faɗa wa likita maganar ɓeran ƙarara. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, tana da layin waya na kyauta, 6232.

Akwai wani ɓangaren da ya shafi ran kyanwar kanta. Ƙaton ɓeran kwata na Legas ba abin wasan mage ba ne, yawancinsu kauce masa suke yi. Idan kika ga taki ta jawo irin wannan cikin sauƙi, ki yi zargin ya riga ya ci guba. A gidan haya kowane ɗaki da dabararsa, wani ya barbaɗa maganin ɓera a bayan tukunya bai gaya wa kowa ba. An taɓa kawo mini wata farar mage a cikin kwali, mai ita dattijo ne mai sayar da goro, idonsa ya yi ja don bai yi barci ba. Na ɗaga leɓenta na ga dasashin ya yi fari fat kamar takarda, numfashinta sama-sama, ga ɗan jini a hancinta. Kwana uku kafin nan ta ci ɓera a tsakar gida. Irin gubar nan hana jini daskarewa take yi, kuma ba ta nunawa sai bayan kwanaki. Allah ya sa an kawo ta da sauran lokaci, muka sa ta a kan bitamin K1 na makonni, ta tashi. Da ya ƙara kwana ɗaya yana jira, da sai dai a haƙa rami. Ki yi magana da maƙwabta cikin lalama su sanar da ke duk ranar da za su sa guba, ki kulle ta a ɗaki. Kuma komai ciwon da take yi kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

Jemagen nan shi ne abin da ba na so a maimaita. Jemagu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta 'yan'uwan na haukan kare. Ɗaya daga ciki ma sunan garin nan aka sa mata, domin a tsibirin Legas aka fara samun ta a 1956 a jikin jemage mai cin 'ya'yan itace. Wata kuma a jikin jaɓa aka gano ta a 1968 a yankin Mokola na Ibadan. Dukansu biyu an same su a jikin kyanwoyi a kudancin Afirka, kuma allurar haukan kare ba ta rufe su yadda ta rufe na kare. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Amma jemagen da mage ta iya kamawa a ƙasa sau da yawa mara lafiya ne, haƙoransa kuma ƙanana ne ƙwarai, yana iya cizo mutum bai ga tabo ba. Idan ta sake faruwa, a fitar da kowa da kyanwar daga ɗakin, a buɗe taga. In bai iya tashi ba, a kifa masa roba, a zura kwali ta ƙasa, a fitar da shi, ba da hannu tsirara ba. Duk wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ko ita kyanwar ta cije shi bayan nan, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana ba a tashi. Idan akwai wanda ya kama na makon jiya da hannu, ya je yanzu, bai makara ba. Ita ma kyanwar a kai ta a duba. Asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da ke Oko-Oba yana kusa da ku. Ana fara yi wa mage allurar haukan kare tun tana wata uku, a sabunta duk shekara.

Ƙadangare da tsaka ba su da dafi, amma suna sa wa mage tsutsar hanta idan ta saba cinsu, ɓera kuma yana sa mata tsutsar ciki. Mage mai farauta irin taki a ba ta maganin tsutsa aƙalla duk wata uku, wanda likitan dabbobi ya auna da nauyinta. Maganin ƙuma na kare kada a shafa mata, wasunsu guba ne ga mage.

Game da ƙanwarki, akwai wata ƙwayar cuta da mage ke ɗauka idan ta ci ɓera ko tsuntsu, ta fitar da ita a kashinta na mako ɗaya zuwa uku, kuma tana iya cutar da ɗan da ke ciki. Shafa bayan kyanwa ba ya kawo ta. Kashin ma sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai harbi, don haka idan wani yana kwashewa kullum an toshe hanyar. Ita dai ta nisanci kashin da ƙasar da kyanwar ke tonawa, ta wanke latas da kabeji sosai, ta guji tsiren da bai gasu ba, ta kuma ambata wa ma'aikatan awo cewa akwai mage a gida.

To yaya za a rage kamun? Masu bincike a Jami'ar Eksita ta Ingila sun gwada hanyoyi daban-daban, suka fitar da sakamako a 2021. Kyanwoyin da aka koma ba su abinci mai yawan nama sun rage abin da suke kawowa da kashi 36 cikin 100, waɗanda ake wasa da su minti biyar zuwa goma kullum sun rage da kashi 25. Ƙararrawar wuya a wancan gwajin ba ta canza komai ba. Wannan ya dace da abin da nake gani a gidajenmu, inda ake cewa mage ta ƙoshi alhali ragowar tuwo da shinkafa da mai ta ci. Cikinta ya cika, amma jikinta nama yake nema. Ku da ke kusa da mahautar Oko-Oba ba ku da matsala: 'yar tumbi, huhu, zuciya, kan kifi da aka cire wa ƙaya, a dafa ba albasa ba tafarnuwa, domin su ma suna lalata mata jini. Wasan kuma ba ya cin ko kwabo. A ɗaura gashin kaza a bakin zare, yaran gida su ja mata a tsakar gida kafin magariba, a bar ta ta kama a ƙarshe, sai a ba ta abincinta.

Kai ta Mile 12 kuwa ina roƙon maigida ya janye. Magen da ta saba da ɗaki ba ta daɗewa a kasuwa, ga motoci, ga guba, ga masu jifa. Ɓerayen da take tsare muku kuma cikin mako biyu za su dawo kan buhun shinkafa, a ɗakin da yaro ke rarrafe.

Abin da ya fi komai aiki shi ne ta kwana a ciki, domin ɓera da jaɓa da jemage duk na dare ne. Wasu kan ji nauyin haka saboda hadisin matar da aka yi wa azaba a kan kyanwar da ta tsare. Waccan ta hana ta abinci ne kuma ta hana ta fita nema, ke kuwa ciyar da ita za ki yi. Ki mayar da babban abincinta lokacin magariba don ta riƙa dawowa da kanta, tana shigowa a rufe ƙofa, a toshe yagaggen ragar taga da ramin ƙasan ƙofa. Ki ajiye mata roba mai faɗi da yashi a lungun da yaro ba ya kaiwa, da ruwan sha. Za ta yi kuka ta yakushi ƙofa na kamar mako ɗaya, kada a buɗe. A sake ta bayan rana ta fito, lokacin da an riga an share tsakar gida.