Amsa: yadda Fabric zai san sabar da zai shiga ba sai ka rubuta -H ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, ka gaji da rubuta -H da adireshin saba duk sanda za ka kira fab, wato umarnin Fabric, manhajar Python ɗin nan da ke gudanar da ayyuka a kan saba (kwamfutar nesa) ta hanyar ssh, kana so ya san inda zai nufa da kansa. Na ga env, wato ma'ajiyar saituttukan Fabric, a abin da ka turo, ke nan Fabric na 1 ne a hannunka.

Kowa zai ce maka ka rubuta env.hosts = ['sunan-saba'] a saman fabfile.py, fayil ɗin da kake rubuta ayyukan da fab zai gudanar. Yana aiki kam, amma akwai rami a wurin, kuma ni na taɓa faɗawa. Fabric yana fara ɗaukar abin da ka ba shi a -H ya zuba a env.hosts, daga baya ya karanta fayil ɗinka, sai layin nan naka ya zo ya shafe shi ba tare da ya ce maka uffan ba.

Ina kula da shafin sakamakon jarrabawa na wata makaranta a nan Jos. Wani dare cikin hunturu, an ɗauke wuta, ina ƙudundune cikin bargo da kwamfuta a cinya, na buga fab -H gwaji sabunta, wato aikin sabunta ya gudu a sabar gwaji. Aikin nan yana share rumbun bayanai ne ya sake gina shi. Ina kurɓar shayi sai idona ya kai farkon layukan da ke fitowa, inda Fabric ke nuna sabar da yake ciki, na ga adireshin babbar saba, wadda na rubuta a env.hosts. Kafin in danna Ctrl+C mai afkuwa ta afku. Allah ya taimake ni akwai ajiyar daren jiya, amma makin da malamai suka shigar ranar sai da muka zauna da takardu muka sake bugawa ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar haka nake rubutawa:

if not env.hosts:
    env.hosts = ['gwaji']

Wato in ka ba da -H naka ne zai yi aiki, in ba ka bayar ba ya tafi wadda ka ajiye. Kuma don Allah wadda za ka ajiye ta zama sabar gwaji. Babbar kuwa ka yi mata ɗan aiki nata, a ce sunansa babba, wanda sauya env.hosts kawai yake yi, sai ka riƙa kiran fab babba sabunta. Dole hannunka ya rubuta sunanta kafin a taɓa ta.

Kada ka sa env.hosts a cikin aikin da kake so ya gudu. Fabric yana haɗa jerin sabobin kafin aikin ya fara, don haka ba zai gani ba. Shi kuma @hosts, wanda ake rubutawa a saman aiki don ba shi sabobinsa na kansa, ya fi ƙarfin env.hosts da -H duka, ka kula da shi.

Sunan gwaji ɗin nan a ~/.ssh/config, fayil ɗin saitin ssh, nake ajiye shi da adireshi da mabuɗi, in ƙara env.use_ssh_config = True.

In sabon aiki za ka fara, ka bar na 1. Fabric na 2 ya fito a 2018, babu env a cikinsa sam, a @task ɗin kake ba da hosts, kuma yana karanta fayil ɗin ssh da kansa. Ni dai tsofaffin fayilolin makarantar ne suka riƙe ni, sai an yi dogon hutu zan sauya su in sha Allahu.