Bel ɗin taimin na motar hannu: a canza yanzu ko a jira bayan Sallah?

Wani mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi Peugeot 206 ta hannu mai injin 1.4, yana zuwa sari da ita Kantin Kwari a Kano sau ɗaya a mako, ranar Lahadi kuma ya kai kaya kasuwar Mai'aduwa. Makanikinsa ya ce a canza bel ɗin taimin da abubuwan da ke tare da shi a kan Naira 85,000, alhali motar lafiyarta ƙalau, ga Sallah ta gabato, kuɗin kuma akwai kayan da zai sara da su. Shin ya canza yanzu, ya jira bayan Sallah, ko ya sayar da ita ya sayi Corolla mai sarƙa a maimakon bel ya huta?

Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ka canza shi a wannan makon, kafin tafiyarka Kano ta gaba, kuma kada ka sayar da motar saboda wannan dalili.

Bel ɗin taimin daban yake da fambel da kake gani idan ka buɗe bonet. Shi yana ɓoye a bayan murfin roba a gefen inji, yana da haƙora, kuma aikinsa shi ne daidaita juyawar sandar da ke motsa fistoci da ta wadda ke buɗe bawul-bawul, ta yadda idan ta ƙasa ta juya sau biyu ta sama za ta juya sau ɗaya daidai. A injin irin naka, wurin da bawul yake sauka idan ya buɗe, nan ne fistan yake isowa idan ya hau, lokaci ne kawai ya raba su. Da zarar bel ya tsinke kana kan gudu, sai bawul su tsaya a buɗe, fistoci su ci gaba da hawa su doke su su lanƙwasa. Daga nan sai a sauke kan silinda, a sayi bawul da gaskit, wani lokaci ma a nemo wani injin. Wannan aiki ya ninka kuɗin da aka ce maka sau da yawa, ban da kuɗin janwe, da kwanakin da motar za ta yi a gareji kana biyan haya a makon da ciniki ya fi kankama.

Ka ce motar lafiyarta ƙalau, na kuma yarda. Sai dai bel ba ya yi wa mutum sallama, inji yakan yi aiki sumul har zuwa daƙiƙar da ya tsinke. Kamfanonin mota suna ƙayyade masa wa'adi da kilomita ko da shekaru, duk wanda ya riga cika, kuma suna rage wa'adin ga motar da ke aiki cikin zafi da ƙura. To mu a nan, a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura ba ta barin kowane lungu. Ni ma'aunin da nake ba mutanenmu shi ne kilomita 60,000 ko shekara huɗu. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: yaushe aka canza wanda ke cikin motarka? Idan wanda ya sayar maka bai ba ka rasit ba, maganar fatar baki ce kawai, lambar da ke kan mita kuma ba abin dogaro ba ce a motar da ta bi hannuwa da yawa, domin ana mayar da ita baya. Bel ɗin da ba ka san shekarunsa ba, ka ɗauka wa'adinsa ya cika.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne a kan aikin kansa, don a nan ne mutane suke biyan kuɗi su koma da matsala. Ka tabbata Naira 85,000 ɗin ta haɗa da tenshina, wato abin da ke tamke bel ɗin don kada ya yi sako-sako, da famfon ruwa, domin a wannan injin bel ɗin ne ke juya famfon, idan kuma boris ɗin famfo ko na tenshina ya cije, sabon bel ma zai tsinke ko ya tsallake haƙora. Ka je da kanka ko ka aiki wanda ka amince da shi a sayo kayan, a nan Katsina ko a Ƙofar Ruwa a Kano. Gates da Dayco da Continental sunaye ne da aka sani, amma akwai jabu a cikin kwalaye masu kama da nasu, saboda haka ka saya wurin mai shagon da za ka iya komawa gobe. Araha ba ta ado. Idan an buɗe murfin, ka leƙa da idonka: idan ka ga baƙin mai ya jiƙa wurin, sil ne ke yoyo, a canza shi a lokacin, don mai yana cin roba. Ka tsaya ka ga makanikin ya kulle injin a kan alamominsa kafin ya cire tsohon, bayan ya ɗaura sabon kuma ya juya injin da sifana zagaye biyu, ya sake duba alamomin kafin a murɗa makulli. Kada ka yarda a ajiye murfin roban a gefe a ce ba shi da amfani. Na sha ganin motoci a kan hanyar Daura bel yana juyawa a fili, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata shi. A ƙarshe a rubuta kwanan wata da lambar mita da fenti a jikin murfin, kai ma ka rubuta a littafin shago, a zuba ruwan sanyaya inji na kwalba maimakon ruwan rijiya, wanda ke sa famfon tsatsa.

Batun Corolla gaskiya ne, mai injin 1.8 ta shekarar 2003 zuwa 2008 sarƙa take da ita, sarƙa kuma tana daɗewa muddin ana juye baƙin mai a kan kari. Amma ka lissafa cikon da za ka yi a kan kuɗin 206 kafin ka mallake ta. Wannan ciko zai saya maka bel na shekaru masu yawa, kuma daga jarin shago zai fita, inda kuɗi ke juyawa yana kawo riba. Idan wata rana kasuwa ta buɗe ka tashi canza mota, ka yi hattara da sababbin ƙananan injuna irin PureTech 1.2 na Peugeot da EcoBoost 1.0 na Ford, waɗanda da yawa daga cikinsu bel ɗinsu a cikin baƙin mai yake juyawa. Idan ya fara marmashewa yakan toshe hanyar mai, kuma ba ya jure kowane irin mai.

Saura yadda za ka hana wannan kuɗi ya sake zuwa maka bagatatan. Daga Katsina zuwa Kano da dawowa kimanin kilomita 340 ne, idan ka ƙara Mai'aduwa da zirga-zirgar cikin gari, a ce kana cin kilomita 550 a mako. Ke nan za ka cika 60,000 cikin mako 109, wato shekara biyu da 'yan makonni, tun kafin shekara huɗun su zo. Idan ka raba 85,000 a kan waɗannan makonni, kowane mako bai kai Naira 800 ba. Saboda tashin farashi, ka riƙa ware Naira 1,500 duk ranar da ka dawo daga Kano, a asusu dabam da na shago, ka kuma sanya shi cikin kuɗin da kaya suka iso maka, kamar yadda kake sanya kuɗin fetur da na 'yan dako kafin ka yanke farashin turmi.

Idan har kuɗin ba su samu a wannan makon ba, ka ajiye motar a gida ka shiga ta haya zuwa Kano. In kuwa ƙaddara ta riga fata injin ya mutu maka a hanya ba zato, ka murɗa makulli ka ji yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, to ka cire hannunka, kada kuma ka bari a tura ta don ta tashi. Ka kira makanikinka a jawo ta gareji, domin kowane ƙarin juyi yana iya lanƙwasa bawul ɗin da ya tsira.