Amsa ga ƙanenmu da ya ce fim ɗin Hausa ya fara ne a 1990

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, rubutu a waya wahala yake ba ni, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Ƙanena, na ji abin da ka faɗa ɗazu, wai fim ɗin Hausa daga Turmin Danya ya fara, kafin nan ba mu da komai sai kallon Indiya. To, ba ka yi ƙarya gaba ɗaya ba. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, 1990, shi ya buɗe kasuwar kaset. Amma fa kasuwar kaset na ce. Shi fim ya girmi kaset nesa ba kusa ba.

Tun zamanin Turawa akwai majigi. Mota ce za ta zo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a ta da janareto, mai bayani yana fassara da lasifika. A nan iyayenmu suka ga Baban Larai, na shekarun 1950, wanda aka yi don a kwaɗaitar da manoma. Farfaganda ce ta hukuma, ba musu, amma Hausawa ne a ciki. Gidajen silima kuwa, Rex a Kano tun 1937. Ita silimar El Duniya ta Kano gobara ta cinye ta a 1951, mutum 331 suka rasu, Allah ya jiƙan Musulmi. Mutane da yawa suka ce ai ishara ce, kuma har muka taso, yaron da aka gani a bakin silima sai ya sha bulala a gida. Ni ma na sha, ba sau ɗaya ba.

Amma wanda nake so ka nema shi ne Shaihu Umar, na 1976. Adamu Halilu ne ya ba da umarni, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi, wanda wasunku suka karanta a makaranta. Malami ne zaune da almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, bauta ta kai shi ƙetaren hamada, uwarsa kuma ta bar gida ta bi sawunsa. Fim ɗin ya fi awa biyu. Ba zan ruɗe ka ba, tafiyarsa a hankali take, in ka saba da na yanzu da ake yanka hoto kafin ka ƙifta ido, rabin awar farko za ka yi hamma. Ka daure. Ka kasa kunne ka ji Hausar da ke bakinsu, yadda ake gaisuwa, yadda yaro ke durƙusa wa babba. Ka dubi rawani da shimfiɗar zaure. Ita uwar nan kuwa, wallahi in ka ga wahalar da ta sha ba ka ji wani abu a ƙirjinka ba, to a duba ka.

Abin takaicin, fim ɗin nan shekaru da yawa an ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ka ji fa! Labarin da Firayim Ministanmu ya rubuta, da harshenmu, sai da Jamusawa suka wanke mana shi.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar ma da ke cikin zauren nan, su sun san fim ya girmi 1990. Ɗan ƙasarsu Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu, 1972. Lokacin ko ni ban san hanyar silima ba.

In ka same shi, don Allah kar ka kalla a waya kana amsa saƙo. Ka sa a talabijin bayan isha'i, ka kira Hajiya ta zauna kusa da kai, za ta gaya maka sunan kowace tufa da ka gani. Sai ka dawo nan mu ji.