Kada ka fara da hekta goma

Malam, ka ce ba ka gaji noma ba, ka tara kuɗi daga albashi, kana son sayen hekta goma ka zuba masara bana. Ni dai ban ba ka wannan shawara ba.

Ka karɓi hayar hekta ɗaya ko biyu tukuna. Ƙasa ba a saninta sai an noma ta. Kafin ka biya, tambayi maƙwabtan gonar ko ruwa na kwanciya a watan Agusta, ko akwai wuta-wuta (ciyawar nan mai tsotse hatsi ta saiwa), ko burtali ya ratsa kusa. A yi yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa, da shaidu.

Masara tana cin taki sosai, NPK da yuriya, ga tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 tana cinye mata zuciya. Don haka ka raba gonar, rabi masara, rabi waken suya ko wake, baɗi ka sauya musu wuri. Waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage wuta-wuta. Iri kuwa ka nemi ingantacce, kamar irin masara na SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ba na mudu a kasuwa ba.

Inda sabbin manoma ke faɗuwa shi ne kaka. Kowa ya fito da hatsi, farashi ya karye, kai kuma 'yan ƙwadago na jiran kuɗinsu. Ka ware wani kaso na kuɗinka tun yanzu don girbi, sussuka da buhunan PICS masu hana iska shiga don kada ƙwari su ci hatsi, ka iya riƙe amfaninka zuwa bazara.

Kuma wa zai riƙa duba gonar ranakun da kake ofis?