Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Ruwan Sama Zai Bi Idan An Daɓe Gari Da Siminti?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk a kan ruwan sama ne, da yadda yake rasa wurin zuwa a cikin birane. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su kafin amsawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A da unguwarmu ba ta san ambaliya ba. Yanzu ko ruwan rabin awa aka yi sai titi ya koma kogi, alhali sau biyu ana faɗaɗa mana kwata. Ruwan ne ya ƙaru, ko kwatar ce ba ta isa ba? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka zargi kwata, leƙa tsakar gidajen unguwar ka ƙirga nawa ne har yanzu ake ganin ƙasa a cikinsu. A fili mai itatuwa da ciyawa, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na ruwan sama ke gudu a bisa ƙasa. Sauran ƙasa ta sha, ko ganye ya tare shi rana ta busar. Idan aka rufe wurin da kwano da kwalta da daɓen siminti, abin da ke gudu yakan haura rabi, kuma duk a lokaci guda yake tasowa.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufin gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 25, zai zubo da lita 2,500 ta indararo. Gida ɗari, lita 250,000 ke nan, ba a ma sa na tituna ba. Kwatar kankare ba ta shan ko ɗigo. Iyakarta ta kwashe ruwan da gudu ta kai wa na ƙasa da ku. Shi ya sa faɗaɗa ta ke sauƙaƙa wa wani layi, ya nutsar da wani.

Abin da masu tsara birane suka koma yi shi ne tare ruwan tun inda ya sauka: a rage masa gudu, a baza shi, a bar ƙasa da saiwar tsirrai su sha abin da za su iya sha, ragowar ne kaɗai zai shiga kwata, shi ma a hankali. Ba a yar da kwata ba, an dai rage mata kaya.

TAMBAYA: Malamai, na ji ana maganar "lambun ruwan sama". Ina da ɗan fili a tsakar gida. Don Allah ku bayyana mini yadda ake yin sa tun daga farko. Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, lambun ruwan sama kwari ne mara zurfi, kamar faffaɗar tasa, wanda ake cika shi da ƙasa mai shan ruwa a shuka tsirrai a kai, sannan a karkato ruwan indararo zuwa cikinsa. A gundumar Prince George's ta jihar Meriland a Amurka aka daidaita tsarinsa a farkon shekarun 1990, daga nan ya bazu duniya.

Kada ki fara haƙa sai kin gwada ƙasar, don nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. A tona rami mai zurfin santimita 30 a daidai wurin da kike so. A cika shi da ruwa, a bari ya tsotse ƙaf. Wannan cikawar ta farko jiƙa ƙasa ce kawai, ba a lissafa ta, domin busasshiyar ƙasa takan yaudari mutum da saurin sha. A sake cikawa, a kafa sanda a tsakiya, a riƙa sa alama duk bayan awa ɗaya. Idan ruwan yana sauka santimita 2 zuwa 3 a awa, ƙasarki ta yi kyau. Idan bai kai santimita 1 ba, yumɓu ya yi yawa: ko dai a canja wuri, ko a shimfiɗa bututu mai huji-huji a cikin tsakuwa can ƙarƙashin lambun, wanda zai riƙa tsiyaye ragowar ruwan zuwa kwata. Idan kuwa kin tona kika ga ruwa yana tsattsafowa da kansa, ki haƙura da wurin. Ana so a sami aƙalla mita 1 tsakanin gindin lambun da ruwan ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar damina.

Sai nisa. A bar aƙalla mita 3 tsakanin lambun da tushen gini, naki da na maƙwabci, don kada danshi ya ci katanga. A nisanta shi da masai da sokawe, kuma kada a yi shi a bakin rijiyar sha. Kada a haƙa a gindin babbar bishiya, saiwarta za a sassare.

Girmansa daga rufin yake fitowa. Kwari mai zurfin santimita 20 yana ɗaukar lita 200 a kowane murabba'in mita. Ke nan lambu mai mita 3 a faɗi, 4 a tsawo, zai riƙe lita 2,400, kusan duk ruwan da rufin murabba'in mita 100 ke zubowa a ruwan milimita 25, tun ma ƙasa ba ta fara sha ba. A taƙaice, kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗin rufin. Idan filinki bai kai ba, ki ba shi indararo ɗaya ko biyu kawai, ko ki sa tanki ya fara karɓar ruwan, ambaliyar tankin ta gangara lambun.

A tona kamar santimita 60 zuwa 70. A mayar da santimita 45 na haɗin ƙasa: rabi ko ɗan fiye da haka yashi mai tsabta, sauran a raba tsakanin ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Mutane na son cika taki don tsiro ya yi kyau, amma idan ya yi yawa, ruwan da ke tsiyayewa yakan fita da sinadarin takin ya gurɓata rafi. Kada a daddanne ƙasar, kada a bi ta kanta da baro mai kaya. A zuba a yayyafa ruwa, za ta zauna da kanta. Gindin kwarin ya zama a miƙe daidai, a auna da igiya da lebur, in ba haka ba ruwa zai taru a kusurwa ɗaya, sauran wurin ya bushe. Bakinsa kuma ya gangara a hankali, santimita 30 a kwance ga kowane santimita 10 na zurfi.

Inda ruwa ke faɗowa a jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu, su karya ƙarfinsa kada ya ƙwaƙule ƙasa. Sai abu mafi muhimmanci bayan gwajin ƙasa, wato mafita. A can ɗaya gefen a rage tsayin bakin lambun a wuri guda, a shimfiɗa duwatsu, ta yadda ranar da ya cika zai malala zuwa kwata, ba zuwa ɗaki ba. Mafitar nan dole ta kasance ƙasa da dokin ƙofar gidan. Lambun da ba shi da mafita, ambaliya kika gina da hannunki.

Tsirrai kuwa, a nemi waɗanda ke jure kwana ɗaya ko biyu a cikin ruwa, su kuma jure dogon rani. Ciyayi masu tushe da doguwar saiwa sun fi furannin ado. Jema na cikin waɗanda suka yi fice, domin saiwarta miƙewa take yi ƙasa, takan kai mita biyu zuwa uku, tana buɗe wa ruwa hanya tana kuma riƙe bakin kwarin. Duk tsiron da kike gani yana fitowa da kansa a gefen fadamar yankinku, shi ya san irin wannan rayuwa. A shekarar farko sai an riƙa ba su ruwa har su kama.

TAMBAYA: Wannan ba kiwon sauro ba ne kuwa? Daga wani ma'aikacin lafiya.

AMSA: Tambayarka a kan hanya take, Malam. Sauro na bukatar kamar mako guda a cikin ruwa kwance kafin ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ƙa'idar lambun ruwan sama ita ce ya tsotse cikin awa 24, in ya daɗe 48, don haka tsutsar bushewa take yi ta mutu. Wanda ya kwana uku da ruwa ya lalace, gyara yake nema. Haɗarin gaske yana ga tankin da ba a rufe bakinsa da raga ba, da kwatar da shara ta toshe.

TAMBAYA: Ni magini ne. Na shimfiɗa wa wani intalok a harabarsa don ruwa ya riƙa nutsewa, amma bayan damina biyu ruwan kwanciya yake yi kamar a kan siminti. Ina kuskuren?

AMSA: Malam magini, ba kowane intalok ne ke shan ruwa ba. Wanda aka saba yi, a dandaƙe jar ƙasa, a baza yashi, a jera bulo, a share yashi mai laushi cikin tsagoginsa, da gangan aka tsara shi ya hana ruwa shiga. Mai shan ruwa daban yake tun daga ƙasa. Tsagogin sun fi faɗi, kuma da ƙananan tsakuwa masu milimita 2 zuwa 6 ake cika su, ba yashi ba. Shimfiɗar da bulon ke zaune a kai ita ma irin wannan tsakuwar ce, kamar santimita 5. A ƙarƙashinta sai manyan tsakuwa wankakku, marasa gari ko kaɗan. Kusan kashi 30 cikin 100 na irin wannan tsakuwa sarari ne, saboda haka kaurin santimita 30 na riƙe kimanin lita 90 a kowane murabba'in mita. Wannan sararin shi ne rumbun ruwan. Tsakuwar da aka kawo da ƙurarta, ruwan farko zai wanke ƙurar ta kwanta a gindi ta toshe shi.

Idan kuma ka yi duk wannan daidai, to duba gefe. Akwai fili mara ciyawa da ke gangarowa kan shimfiɗar? An taɓa jibge yashin gini a kai? Laka ita ce ajalin duk waɗannan ayyuka, ko lambu ne ko shimfiɗa. Sa wuƙa ka tona tsaga ɗaya: za ka tarar da ɓawo mai ƙarfi na santimita 1 ko 2 a sama, tsakuwar ƙasa kuwa tas take. A ƙwaƙule ɓawon a zuba sabuwar tsakuwa. Kada a wanke da ruwa mai ƙarfi kai tsaye, laka ake ƙara turawa ciki. Kuma kada a yi irin wannan shimfiɗa a garejin gyaran mota ko gidan mai, domin baƙin mai zai bi ruwan ya sauka har rijiyoyin mutane.

TAMBAYA: Ina karatun tsara birane. Malaminmu ya ce ƙasar Sin ta kashe maƙudan kuɗi a kan "birane masu kama da soso", amma duk da haka ambaliya ta ci su. Ashe ke nan dabarar ba ta aiki? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, malaminku bai yi ƙarya ba, amma akwai sauran zance. Sin ta fara gwajin shirin da birane 16 a 2015, ta ƙara 14 a 2016, da burin biranen su riƙe kashi 70 cikin 100 na ruwan da ke sauka musu. Ranar 20 ga Yuli 2021 birnin Zhengzhou na ƙasar Sin ya sami ruwan milimita 201.9 cikin awa ɗaya. Koma kan lissafinmu na sama: lambu mai zurfin santimita 20 da ke karɓar ruwan rufin da ya ninka shi goma, milimita 25 ya ishe shi cika. Babu lambun da zai shanye 200. Ba don irin wannan rana aka yi shi ba. Aikinsa shi ne ƙananan ruwa da matsakaita, waɗanda su ne mafi yawan ruwan shekara, kuma su ke wanko dattin titi zuwa koguna.

Babban ruwa sai an tanadar masa hanya da masauki tun a kan takardar tsara gari. Kofanhagen ta Danmak ta koyi wannan bayan 2 ga Yuli 2011, lokacin da kusan milimita 150 suka sauka cikin awa biyu. A 2012 ta fitar da tsari na musamman: wasu tituna aka gyara su zama hanyar ruwa da gangan, suna kai shi wuraren shaƙatawa da aka saukar da gindinsu, ko tashar jiragen ruwa. A Rotadam ta ƙasar Holan akwai dandalin Benthemplein da aka buɗe a 2013, inda matasa ke wasan ƙwallo a cikin kwari mai matakala idan gari ya bushe, idan aka yi ruwa kuma kwarin ya riƙe kusan lita miliyan 1.7. Singafo ta fasa magudanar kankare a wurin shaƙatawa na Bishan, ta mayar da ita rafi mai lanƙwasa na kimanin kilomita 3, aka buɗe a 2012. Gefen rafin fili ne da mutane ke zama, ranar ruwa kuma nan ne yake bajewa.

Idan aka ba ki aikin zana unguwa, ki fara da taswirar gangara kafin ki yanka fulotai. Ki ja layi a kan duk inda ruwa ke bi da kansa da inda yake kwanciya, ki hana gini a wurin. A gefen tituna ki sa kwarin ciyawa mai gangarar santimita 1 zuwa 4 a kowace mita. In ta fi haka, a datse shi da ƙananan shingayen dutse don ruwa ya riƙa sauka mataki-mataki. A bakin kowace mashiga ki sa ɗan ramin da laka za ta fara kwantawa, inda shebur zai iya shiga. Sannan ki rubuta a cikin tsarin wanda zai kwashe lakar, da sau nawa a shekara: aƙalla kafin faɗuwar damina, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi.