Turancin ɗaukar baƙi a Argungu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direban Keke Napep ne. Duk lokacin bikin kamun kifi garinmu kan cika maƙil da baƙi, wasu ko "sannu" ba sa ji. Na yi firamare, ina ɗan tsintar Turanci, amma da baƙo ya buɗe baki sai kaina ya ɗaure. Na sayi ƙamus, ya fi ƙarfina. Ta ina zan fara?
Daga Mai Keke, Argungu

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye ƙamus ɗin nan tukuna. Wanda ya shigo kekenka abu uku ne a ransa: inda za shi, nawa zai biya, da inda zai miƙe ƙafa ya huta. Jimla guda-guda za ka haddace, yadda muka haddace karatun allo.

Fara da "Where to, sir?", wato ina za ka. In mace ce ka ce "madam". Sai "Shall I wait for you?", in jira ka? Wannan ita ce mai kawo shata, kada ka yi wasa da ita. In ya ce "Take me to the riverside", kogin Matan Fada yake nufi, inda ake kamun kifin. In ka ji "museum", ka nufi Gidan Tarihi na Kanta. "Sightseeing" yawon buɗe ido ne. "I need a rest" kuma ya gaji, kai shi masauki, kada ka ƙara masa zagaye.

Inda muke faɗuwa, mu Hausawa, wurin lamba ne. Wani tsohon ɗalibina ya taɓa ɗauko wani Bature daga Birnin Kebbi, ya ce masa tafiyar "fifteen minutes" ce, alhali "fifty" yake nufi. Sai duba agogo mutumin yake, fuska a murtuke, yana zaton an sauya masa hanya. Sha biyar ana jan ƙarshenta, hamsin ana datse ta. Kuɗi kam, rubuta a wayarka ka nuna masa, magana ta ƙare.

Sai P da F, tsohon ciwonmu. "Pull" ja ne, "full" cike. Tsaya gaban madubi: P leɓe biyu ke haɗuwa, F haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Ni kaina sai da na shekara ina koyarwa kafin harshena ya miƙe.

Baƙi akwai tambaya, don haka ka tanadi amsa: "The festival began in 1934", shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa bikin cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016. Gorar masunta "gourd" ce, homa kuma "net".

In baƙo ya yi sauri wajen magana, ce masa "Slowly, please". Kafin biki, gwada jimlolin nan a kan masu yi wa ƙasa hidima da kake kaiwa kasuwa. Za su yi dariya, amma za su gyara maka kyauta.